Ahmed Madobe da Jubaland: Yadda Mai Riƙe da Kismayo Ya Gagari Mogadishu

Daga faɗuwar gwamnatin Siad Barre a Janairun 1991 zuwa ƙarshen Satumban 2012, babu wanda ya ɗora hannu a kan birnin Kismayo, mai tashar jiragen ruwa a kudancin Somaliya, ya kwana da tabbacin zai daɗe. Madugan yaƙi Kanar Omar Jess da Janar Morgan sun yi ta ƙwace shi daga hannun juna, Barre Hiiraale da ƙawancensa na Kwarin Juba suka karɓe shi a 1999, Kotunan Musulunci suka shigo a 2006, sojojin Habasha da na gwamnatin riƙon ƙwarya suka kore su, daga baya kuma Al-Shabaab ta kafa tutarta. Tun daga 2012 kuwa birnin yana hannun mutum guda, Ahmed Mohamed Islam, wanda aka fi sani da Ahmed Madobe, shugaban jihar Jubaland. A wannan tsakanin Hassan Sheikh Mohamud ya mulki ƙasar, Mohamed Abdullahi Farmajo ya gaje shi a 2017, Hassan Sheikh ya dawo a 2022, kuma kowace gwamnati cikin ukun nan ta gwada ƙarfinta a kan Madobe ta koma ba ta kawar da shi ba. Abin da wannan nazari yake bi shi ne yadda aka yi hakan, da kuma abin da dogon zaman nasa ya samar wa yankin da abin da ya kasa samarwa.

Jubaland a takarda larduna uku ce: Gedo, Juba ta Tsakiya da Juba ta Ƙasa. Tana iyaka da Kenya ta yamma, da Habasha ta arewa, kuma kogin Juba ya ratsa ta har ya faɗa Tekun Indiya kusa da Kismayo, mai nisan kimanin kilomita 500 daga Mogadishu. Birtaniya ce ta miƙa wa Italiya yankin da ke yammacin kogin a 1925, bayan ta ɓalle shi daga Kenya. Mazaunansa ba gida ɗaya ba ne. Akwai Ogaden, dangin Madobe, waɗanda suke da 'yan'uwa masu yawa a arewa maso gabashin Kenya da gabashin Habasha. Akwai Marehan, dangin Siad Barre da Farmajo, masu rinjaye a Gedo. Akwai Harti da suka daɗe da kafuwa a kasuwancin Kismayo. Dukansu uku rassan Darod ne, amma hakan bai hana su zubar da jinin juna a kan birnin ba. Bayansu akwai manoman bakin kogi da ake kira Bantu na Somaliya, da masuntan Bajuni, da Digil da Mirifle, waɗanda galibi ake yanke shawara a kansu ba tare da an tambaye su ba.

Madobe ya fito ne daga cikin masu fafutukar kafa mulkin Musulunci da makami. Yana daga cikin kwamandojin rundunar Ras Kamboni, wadda Hassan Turki ya kafa a wani ƙauyen bakin teku mai wannan suna dab da iyakar Kenya. Da Kotunan Musulunci suka kama Kismayo a Satumban 2006, shi aka ba ragamar lardin. Mulkin bai wuce 'yan watanni ba, domin Habasha ta shigo da rundunarta a Disamba, Kismayo ta faɗi a farkon Janairun 2007, mayaƙan Kotuna suka ja da baya zuwa dazukan kan iyaka. A can ne wani harin sama na Amurka ya jikkata shi, sojojin Habasha suka ɗauke shi, ya yi kusan shekara biyu a tsare a ƙasarsu. An sake shi a farkon 2009, lokacin da yarjejeniyar Jibuti ta faɗaɗa majalisar dokokin riƙon ƙwarya, aka ba shi kujera a cikinta, amma cikin watan Afrilu ya ajiye ta ya koma kudu.

Abin da ya tarar a Kismayo shi ne haɗin gambiza tsakanin Al-Shabaab da Ras Kamboni, waɗanda suka haɗu suka ƙwace birnin daga Barre Hiiraale a Agustan 2008, suka yi alkawarin raba mulki da kuɗin shigar tasha. Al-Shabaab ba ta cika alkawarin ba. A Oktoban 2009 aka gwabza a cikin birnin, aka fatattaki mutanen Madobe. Watanni kaɗan bayan haka Hassan Turki ya kai caffa ga Al-Shabaab da ɓangarensa na rundunar, Madobe kuma ya riƙe sunan Ras Kamboni da sauran mayaƙan, ya juya bindigarsa ga tsofaffin abokansa. Masu sukarsa sukan ce rabuwar ba ta aƙida ba ce, faɗan tasha ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta rage nauyin abin da ya biyo baya ba, domin mutumin da ya zauna da shugabannin ƙungiyar, ya san yadda take karɓar haraji da yadda take dasa 'yan leƙen asiri a cikin dangi, ya zama abokin gabar da ta fi wahalar ruɗawa.

Kenya ce ta buɗe masa ƙofar dawowa. Gwamnatin Nairobi ta daɗe tana son a samu wani yanki a kudancin Somaliya da zai zama mata katanga tsakaninta da Al-Shabaab, har ta fara da goyon bayan Farfesa Mohamed Abdi Gandhi, tsohon ministan tsaron Somaliya, wanda ya ayyana wata jiha mai suna Azania a 2011. Farfesan yana da ilimi da sanayya a ƙasashen waje, Madobe kuma yana da mayaƙan da suka san daji. Da sojojin Kenya suka tsallaka iyaka a Oktoban 2011, ba a daɗe ba aka gane wanda aikin yake buƙata. Habasha ma ta fi natsuwa da shi, duk da cewa ɗan Ogaden ne kuma tana fama da 'yan tawayen ONLF daga cikin danginsa, saboda shekarun da ya yi a hannunta sun sa jami'anta sun san shi ciki da bai. Ranar 28 ga Satumban 2012 sojojin Kenya suka sauka a gaɓar Kismayo ta teku, Al-Shabaab ta janye kashegari, mayaƙan Ras Kamboni suka shiga birnin.

A nan ne rikicinsa na farko da Mogadishu ya taso, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin duk abin da aka yi daga baya maimaicinsa ne. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na Agustan 2012 ya ce larduna biyu ko fiye za su iya haɗuwa su kafa jiha a cikin tarayya, amma bai fayyace wanda zai jagoranci aikin ba. Sabuwar gwamnatin Hassan Sheikh ta ce ita ce za ta naɗa gwamnonin larduna tukuna, a kafa jiha daga baya a ƙarƙashin kulawarta. Madobe, da goyon bayan Kenya da ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka ta IGAD, ya ce hurumin mutanen yankin ne. Aka tara wakilan dangogi a jami'ar Kismayo, ranar 15 ga Mayun 2013 suka zaɓe shi shugaban Jubaland. Kafin rana ta faɗi Barre Hiiraale ya ayyana kansa shugaba shi ma, wasu kuma suka biyo bayansa. A watan Yuni aka yi ƙazamin faɗa a titunan birnin, mutane da dama suka mutu, Hiiraale ya fice, gwamnatin tarayya kuma ta zargi sojojin Kenya, waɗanda a lokacin suna ƙarƙashin rundunar Tarayyar Afirka ta AMISOM, da nuna son kai.

An sasanta a Addis Ababa a ƙarshen Agustan 2013. Madobe ya yarda a kira gwamnatinsa ta riƙon ƙwarya mai wa'adin shekara biyu, ya yarda a kira shi jagora a maimakon shugaba, ya kuma sa hannu cewa bayan wata shida za a miƙa tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama ga gwamnatin tarayya, a shigar da mayaƙansa cikin rundunar ƙasa. Abin da ya bayar suna ne, abin da ya karɓa kuwa amincewar Mogadishu ce da kasancewarsa. Wata shida ya wuce, tasha tana hannunsa. A Agustan 2015 majalisar dokokin jihar ta zaɓe shi shugaba da gagarumin rinjaye, sunan da ya ajiye ya dawo.

Tashar nan ita ce jijiyar mulkinsa. Daga harajin kayan da suke shiga da fita ake biyan dakarun jihar da jami'an leƙen asirinta, wanda yake biyan albashi kuwa shi ake yi wa biyayya. Sai dai cinikin da ya fi kawo kuɗi a shekarun farko haramtacce ne. A Fabrairun 2012 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙudurinsa mai lamba 2036, ya hana fitar da gawayi daga Somaliya, saboda da shi Al-Shabaab take samun kuɗin yaƙi, kuma yana cinye itatuwan yankin. Masu sa ido na Majalisar sun ba da rahoto a 2013 cewa jiragen ruwa sun ci gaba da lodin gawayi daga Kismayo zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf bayan an kori ƙungiyar, a tashar da sojojin Kenya da mayaƙan Ras Kamboni suke gadi, kuma Al-Shabaab tana ci gaba da karɓar rabonta a shingayen da ta kafa a hanyoyin daji. A 2015 wata ƙungiyar 'yan jarida ta Nairobi, Journalists for Justice, ta ƙara da batun sukarin da ake saukewa a Kismayo a yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Kenya. Rundunar Kenya ta musanta zarge-zargen. Ko da an ajiye batun wanda ya ci nawa, tsarin kansa abin dubawa ne: buhun gawayi guda yana biyan haraji ga ɓangarori biyu da suke yaƙar juna, kowannensu kuma yana da dalilin barin hanyar a buɗe.

Abin da magoya bayansa suke nunawa da alfahari shi ne tsaron Kismayo, kuma ba ƙarya suke yi ba. A shekarun da Mogadishu take kwana tana tashi da fashewar motoci, Kismayo ta samu sauƙi ƙwarai, kasuwa ta farfaɗo, 'yan gudun hijira daga sansanin Dadaab na Kenya suka riƙa komowa da yawan da ya sa gwamnatin jihar ta dakatar da karɓarsu na ɗan lokaci a 2016 don babu inda za a sauke su. Shi kansa ya tsallake rijiya da baya a Satumban 2013, lokacin da aka tayar da bam a ayarin motocinsa. Babban harin da ya keta wannan tsaro shi ne na otal ɗin Asasey ranar 12 ga Yulin 2019, inda aka kashe mutum 26, ciki har da 'yar jarida Hodan Nalayeh, sai na otal ɗin Tawakal a Oktoban 2022. Amma tsaron yana da farashi. 'Yan jarida da 'yan adawa sun sha kokawa da kame da tsangwama, kuma taron siyasar da bai gamshi fadar jihar ba yana da wuyar samun wurin zama a birnin.

Da zarar an bar Kismayo da garuruwa irin su Afmadow da Dhobley, hoton yakan canza. Bu'aale, wadda kundin jihar ya sanya a matsayin babban birni, tana hannun Al-Shabaab, haka ma ɗaukacin lardin Juba ta Tsakiya, inda garin Jilib ya zama tamkar hedikwatar ƙungiyar. Fiye da shekara goma ana shelar za a tasar wa Jilib, ba a kai ba. A ganina wannan ne babban giɓin da ke cikin tarihin shugabancinsa, kuma ba a iya ɗora laifinsa duka a kan ƙarancin makamai ko rowar Mogadishu. Kama kwarin kogin zai buƙaci a shigo da dangogin da suke zaune a can cikin rabon kujeru da rabon kuɗin tasha, wanda hakan zai sauya lissafin da yake ba shugaban rinjaye a majalisa. Jiha mai faɗi ta fi jiha ƙarama wuyar riƙewa, Madobe kuwa gwani ne wajen riƙe abin da yake hannunsa.

Zaɓen 2019 ya nuna yadda injin yake aiki. A tsarin da Somaliya take bi a lokacin, talakawa ba sa jefa ƙuri'a. Sarakunan gargajiya na dangogi ne suke tsayar da 'yan majalisa, 'yan majalisa su zaɓi shugaba. Saboda haka wanda ya naɗa hukumar zaɓe, ya kuma tantance sunayen dattawan da za a saurara, ya riga ya yi rabin nasara. Farmajo ya ƙudiri aniyar dasa nasa mutane a jihohi, kuma ya gwada a jihar Kudu maso Yamma a Disamban 2018, inda aka kama Mukhtar Robow, tsohon mataimakin shugaban Al-Shabaab da ya tsaya takara, da taimakon sojojin Habasha a Baidoa, ɗan takarar fadar shugaban ƙasa ya lashe. Madobe ya ga abin da ya samu Robow. Da wani jirgin saman Habasha ya nemi sauka a Kismayo ana gab da zaɓe, aka hana shi, aka rufe filin jirgin. Ranar 22 ga Agusta ya samu ƙuri'a 56 cikin 74, 'yan adawa suka yi nasu zaɓen a gefe suka ayyana Abdirashid Hidig, gwamnatin tarayya ta ce ba ta san da zaɓen ba, ta kuma tilasta wa duk jirgin da zai je Kismayo ya fara sauka a Mogadishu. Duk da haka aka rantsar da shi a watan Oktoba, kuma cikin manyan baƙin da suka halarta har da Hassan Sheikh, abokin gabarsa na 2013, wanda a lokacin yake cikin jagororin adawa.

Da Kismayo ta gagara, sai Farmajo ya juya ga Gedo, ƙasar danginsa, inda dama mutane da yawa suke ganin Jubaland gwamnatin Ogaden ce. An kama ministan tsaron jihar, Abdirashid Janan, a Mogadishu a ƙarshen Agustan 2019, mutumin da ƙungiyar Amnesty ta nemi a gurfanar da shi kan zargin cin zarafin fararen hula. Ya tsere daga tsare a Janairun 2020, ya ɓulla a kan iyakar Kenya, a watan Maris kuma aka yi artabu tsakanin mayaƙansa da sojojin tarayya a Beled Hawo har harsasai suka faɗa garin Mandera na Kenya. Rikicin Gedo yana daga cikin abubuwan da suka sa Somaliya ta yanke hulɗar jakadanci da Kenya a Disamban 2020, kuma shi ne ya riƙa tsayar da zaɓen ƙasa, domin Madobe ya ƙi yarda a zaɓi 'yan majalisar tarayya na Garbaharey, babban birnin lardin Gedo, alhali garin yana hannun sojojin Farmajo. Shi da Said Abdullahi Deni, shugaban jihar Puntland, suka tsaya kai da fata a kan tazarcen shekara biyu da majalisar wakilai ta yi wa Farmajo a Afrilun 2021, wanda aka janye bayan an yi musayar wuta a Mogadishu.

Da Hassan Sheikh ya dawo mulki a Mayun 2022, ya ɗauko Hamza Abdi Barre, ɗan Ogaden wanda shi ne ya shugabanci hukumar zaɓen Jubaland a 2019, ya naɗa shi firaminista. Kowa ya ɗauka an binne gaba. Madobe ya sa hannu a yarjejeniyar Mayun 2023 da ta amince ƙasar ta koma zaɓen mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Amma da aka zo ga aiwatarwa, aka ce hukumar zaɓe guda ce daga Mogadishu za ta gudanar da zaɓen jihohi duka, a kuma ɗage zaɓukan zuwa 2025, sai ya fice daga taron shugabannin a Oktoban 2024. Kafin nan majalisar jiharsa ta riga ta gyara kundinta, ta cire iyakar wa'adi, ta mai da shekarun mulki biyar. Ranar 25 ga Nuwamba aka sake zaɓensa da ƙuri'a 55. Wata kotu a Mogadishu ta ba da sammacin kamo shi bisa zargin cin amanar ƙasa, wata kotu a Kismayo ta ba da sammacin kamo shugaban ƙasa, jihar ta sanar da yanke hulɗa da tarayya.

Hujjar kowane ɓangare tana da ƙarfi da rauni. Madobe yana da gaskiya cewa an gyara babi huɗu na kundin tsarin mulkin ƙasa a Maris 2024 ba tare da yardar kowa da kowa ba, abin da ya sa Puntland ta janye amincewarta da gwamnatin tarayya, kuma zaɓen gama-gari a ƙasar da Al-Shabaab take riƙe da yankuna masu faɗi yana iya zama hanyar tazarce. Mogadishu ita ma tana da gaskiya cewa mutumin da ya goge iyakar wa'adi daga kundin jiharsa ba shi ne ya fi cancantar koyar da bin doka ba, kuma zaɓen 'yan majalisa 75 da aka tace ba muryar jama'ar larduna uku ba ce.

Gwamnatin tarayya ta yi jigilar sojoji ta sama zuwa Ras Kamboni, tana cewa za su karɓi sansanonin da dakarun Tarayyar Afirka suke bari. Wurin yana da nisa da duk wata hanyar kawo musu ɗauki, kuma daji ne da Madobe ya fara yaƙi a cikinsa. Ranar 11 ga Disamban 2024 dakarun Jubaland suka far musu, cikin yini guda sansanin ya watse, ɗaruruwan sojojin tarayya suka tsallaka zuwa Kenya suka miƙa makamansu, daga baya aka mayar da su Mogadishu. Sojojin da aka horar don yaƙar Al-Shabaab sun ƙare suna harbin juna a kusa da yankunan da ƙungiyar take iko da su. A wannan ranar ce kuma Hassan Sheikh da firaministan Habasha Abiy Ahmed suka sa hannu a sanarwar Ankara don kwantar da rikicin da yarjejeniyar mashigar teku tsakanin Habasha da Somaliland, yankin da ya ayyana ɓallewa daga Somaliya, ta haifar, amma kafin watan ya ƙare Mogadishu ta zargi sojojin Habasha da kai wa dakarunta hari a Doolow ta lardin Gedo. Habashar da ta tsaya wa Farmajo a 2019 ta koma ɓangaren da ya fi yi wa Madobe daɗi.

Faɗan ya sake komawa Gedo a Yulin 2025, a Beled Hawo ɗin dai, kuma wanda ya jagoranci ɓangaren tarayya shi ne Abdirashid Janan, tsohon ministan Madobe, wanda a lokacin Mogadishu ta ba muƙamin shugaban hukumar leƙen asiri a lardin. A farkon Oktoban 2025, da shiga tsakanin Kenya, Hassan Sheikh ya sauka a Kismayo ya zauna da mutumin da kotun babban birninsa take nema. Madobe ya nemi a amince da zaɓensa na Nuwamban 2024, shugaban ƙasa ya nemi jihar ta dawo cikin shirin zaɓen gama-gari, aka tashi ba a cimma matsaya ba. A cikin watan ne Madobe ya haɗa kai da Deni da manyan 'yan adawar Mogadishu a wata sabuwar majalisa ta haɗin gwiwa, domin tunkarar ƙarewar wa'adin shugaban ƙasa a 2026.